Daga Injin Saƙa Zuwa Foklif: Tarihin Kamfanin Toyota Industries da Tambayar da Yake Yi wa Masu Sito a Zariya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin wani sito a Sabon Garin Zariya cikin watan Mayu, lokacin da tirelolin takin zamani suke shigowa kafin damina ta kankama, ya san yadda ake sauke kaya a garin nan. Mutum biyu suna saman mota suna jawo buhu zuwa baki, sauran 'yan dako suna jere a ƙasa, kowa da gammonsa a ka. Da buhu ya sauka a kan mutum sai ya rusuna ya shige ƙofa, ya jibge shi a kan layi, ya dawo ya bi bayan 'yan uwansa. Akawun sito yana gefe a kan benci da littafi a cinya, yana jan layi duk buhun da ya wuce. Tirela mai tan 30 buhu 600 take ɗaukowa masu nauyin kilo 50, wato sai an yi sawu 600 tsakanin mota da ɗaki kafin direba ya karɓi takardarsa ya ba motar baya wuri. Da a ce waɗannan buhuna sun zo a ɗaure ashirin-ashirin a kan falet, wato faffaɗan katakon nan mai ƙofofi a ƙasa da ake jera kaya a kai, da motar ɗaga kaya mai cokula biyu, wadda ma'aikatan masana'antu suke kira foklif, ta gama aikin a sawu 30.

Wannan lissafi yana jan hankalin 'yan kasuwa, kuma da zarar sun ji shi, abin da yake fara fitowa daga bakinsu shi ne, nawa ake sayar da ita? A ganina tambayar kuɗi ta yi gaggawa, domin foklif ba ta aiki ita kaɗai. Tana tafe ne da falet, da daɓen kankare mai jure nauyi, da bakaniken da ya san cikinta, da direban da aka koyar, da kuma kayan gyaran da za a samu a ranar da aka neme su. Kamfanin da ya daɗe yana riƙe da kambun sayar da waɗannan motoci a duniya, wato Toyota Industries na ƙasar Japan, ya gina kasuwancinsa ne a kan wannan fahimta, kuma tarihinsa ya cancanci a bi shi daki-daki, musamman a gari irin namu da ya san auduga da saƙa tun kafin zuwan Turawa.

Mutane da yawa suna zaton kamfanin motoci na Toyota ne ya haifi mai ƙera foklif, alhali akasin haka ne. Tushen gidan shi ne Sakichi Toyoda, ɗan wani kafinta, wanda aka haifa a 1867 a wani ƙauye da ke yankin Shizuoka. Ya tashi yana ganin mahaifiyarsa da matan ƙauyensu suna wahala da masaƙar hannu, sai ya duƙufa wajen gyara ta, ya fara da ta katako, ya ci gaba har ya kai ga mai amfani da inji. A 1924 ya kammala injin saƙar da aka sani da Type G, wanda yake sauya ƙoshiya da kansa ba tare da an tsayar da aiki ba, kuma idan zare ɗaya ya tsinke sai ya tsaya cak. Duk wanda ya taɓa zama kusa da masaƙi ya san darajar wannan dabara ta biyu, domin zaren da ya tsinke ba a lura ba shi ne yake ɓata turmi guda. Da yake injin yana tsayawa da kansa, ma'aikaci ɗaya ya samu ikon kula da injuna masu yawa a lokaci guda. Daga baya wannan tunani, na cewa kada inji ya ci gaba da fitar da kaya mai aibi, ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan tsarin aikin Toyota baki ɗaya.

A 1926 aka kafa kamfanin Toyoda Automatic Loom Works a garin Kariya na lardin Aichi domin ƙera wannan inji. A 1929 kamfanin Platt Brothers na garin Oldham a Ingila, wanda a zamanin yana cikin manyan masu ƙera injunan masaƙu a duniya, ya amince ya sayi izinin ƙera shi a kan fam 100,000. Sakichi ya rasu a 1930. Ɗansa Kiichiro ya buɗe sashen motoci a cikin kamfanin a 1933, sannan a 1937 aka yaye sashen ya zama kamfani mai zaman kansa, wato Toyota Motor. Uwar ta ci gaba da ƙera injin saƙa, kuma har yau tana yi, ko da yake wannan sashe ya zama ɗan ƙaramin kaso na cinikinta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a nan shi ne yadda kamfanin ya fahimci ainihin abin da ya iya. Kasuwar injin saƙa kasuwa ce mai hawa da sauka: idan masaƙu suna cin riba sai oda ta yi yawa, idan farashin yadi ya faɗi sai a yi wata da watanni babu mai tambaya. Amma mai ƙera injin saƙa ya riga ya iya narka ƙarfe ya zuba shi a ma'auni, ya iya feƙe shi daidai da awo, ya iya haɗa ɗaruruwan sassa su yi aiki tare. Wannan gwaninta ba ta ɗaure da zare ba. A farkon shekarun 1950 kamfanin ya shiga ƙera injunan mota da haɗa motoci ga ɗansa Toyota Motor, kuma a 1956 ya fitar da foklif ɗinsa ta farko, samfurin LA mai ɗaukar tan ɗaya. Idan aka duba, foklif ta dace da hannunsa ƙwarai, domin rabin jikinta zubin ƙarfe ne, sauran kuma inji ne da giya. Mu da muka ga yadda masaƙun Kakuri a Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ƙwararrun ma'aikatansu suka watse, injunansu suka yi tsatsa, muna da dalilin tsayawa a kan wannan gaɓa, ko da yake bambancin a fili yake: namu masaƙun masu sayen inji ne daga waje, su kuwa can masu ƙera shi ne.

Ba Japanawa ne suka ƙirƙiro foklif ba. A 1917 kamfanin Clark na jihar Michigan a Amurka ya ƙera wata 'yar mota domin jigilar kaya a cikin masana'antarsa, baƙi suka gani suka nema. A farkon shekarun 1920 kamfanin Yale ya fito da mota mai batir wadda cokulanta suke hawa a kan ginshiƙi. Amma abin da ya watsa ta a duniya shi ne Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojojin Amurka suka buƙaci tura abinci da harsasai zuwa fagage masu nisa ga kuma ƙarancin ma'aikata, sai suka rungumi falet da foklif tare. Shekarar 1956 da Toyota ya shigo ita ce kuma shekarar da Malcom McLean ya tura jirgin ruwa na farko ɗauke da kwantenoni daga New Jersey zuwa Houston. Falet, da kwantena, da foklif sun girma ne tare, kowanne yana ƙara wa ɗan uwansa amfani.

Ya kamata a ɗan yi bayanin yadda motar take aiki, domin yawancin haɗari da asarar da ake yi da ita daga rashin sanin wannan suke fitowa. Foklif sikeli ce mai tayoyi. Tayoyin gaba su ne tsakiyar sikelin, kaya suna gefe ɗaya a kan cokula, a ɗaya gefen kuma akwai wani dunƙulen ƙarfe mai tsananin nauyi da aka zuba a bayan motar domin ya rinjayi kayan. Shi ya sa motar da aka rubuta mata tan 2.5 ita kanta nauyinta yakan doshi tan 4, kuma idan ta ɗauki kaya mafi yawan nauyin duka yakan taru a kan tayoyin gaba guda biyu. Adadin da aka rubuta a jikinta kuma yana da sharaɗi: ana nufin idan tsakiyar nauyin kayan yana nisan santimita 50 ko 60 daga gindin cokulan. Idan kayan sun yi tsawo, nauyinsu ya matsa gaba, ƙarfin motar ya ragu ke nan, ko da kayan ba su kai adadin da aka rubuta ba. Haka nan duk yadda aka ƙara ɗaga kaya sama, haka motar take ƙara zama mai saurin kifewa. Ɗagawar kanta da matsin mai ake yi: famfo yana tura mai cikin silinda, silinda ta miƙe, sarƙa ta ja cokulan sama.

Akwai kuma wani abu da yake rikita wanda ya saba da tuƙin mota. Da tayoyin baya foklif take juyawa, saboda haka idan ta sha kwana bayanta ne yake zazzagowa waje, kuma a nan ne take maƙure mutum da bango. Gatarin bayan kuma, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, a tsakiya yake rataye a wuri ɗaya domin ya riƙa lilo a kan ƙasa mara daidai, wanda hakan yake nufin ko da ana ganin taya huɗu, a haƙiƙa motar a kan duwatsun murhu uku take tsaye. Muddin nauyi yana tsakanin duwatsun nan uku tukunya tana zaune, da ya fita kuwa sai ta kife. A ƙarshen shekarun 1990 Toyota ya fito da wani tsari da ya sanya wa suna SAS, wanda yake lura da nauyin kaya, da tsayin da aka ɗaga su, da yadda ake shan kwana, idan ya ga alamar kifewa sai ya kulle lilon gatarin baya na ɗan lokaci, ya kuma taƙaita yadda ginshiƙi yake sunkuyawa gaba idan kaya suna sama. Wanda ya tuna injin saƙar da yake tsayawa idan zare ya tsinke zai gane jinin gidan a wannan dabara. Amma babu na'urar da take maye gurbin direba mai hankali, wanda yake tafiya da cokula a ƙasa-ƙasa, yake ɗaure bel, kuma ba ya yarda ya ɗaga mutum a kan cokali don a gyara ƙwan lantarki.

A cikin Japan kamfanin ya yi saurin hawa saboda ya jingina da hanyar rarraba motocin Toyota, wadda ta riga ta san harkar dillalai, da garejin gyara, da sayarwa bashi. A 1970 ya buɗe masana'antar Takahama musamman domin ƙera waɗannan motoci. Da kayan Japan suka cika kasuwar Amurka a shekarun 1980, kamfanin Hyster na can ya kai ƙara cewa ana karya farashi, kuma a 1988 gwamnatin Amurka ta ɗora haraji na musamman a kan foklif masu inji da ake shigowa da su daga Japan. Sai Toyota ya kafa masana'anta a garin Columbus na jihar Indiana, wadda ta fara fitar da motoci a 1990. Harajin da aka sa don a kange baƙo shi ne ya mayar da shi ɗan gida.

Mataki mafi girma a tarihin kamfanin, a nawa hangen, shi ne sayen BT Industries na ƙasar Suwidin a shekarar 2000. Don a gane dalilin, sai a san cewa motocin ɗaga kaya gida biyu ne. Akwai na fili, masu dunƙulen ƙarfe a baya, waɗanda suke aiki a harabar masana'anta da bakin tirela, kuma a nan ne Toyota ya yi fice. Akwai kuma na cikin sito, masu batir, siraran jiki, waɗanda aka ƙera domin su ratsa tsakanin dogayen kantoci na ƙarfe. Foklif ta fili tana buƙatar lungu mai faɗin kusan mita 4 kafin ta juya da falet, ita kuwa ta sito mai miƙa cokula gaba ƙasa da mita 3 ya ishe ta, wasu ma a ƙasa da mita 2 suke aiki. A ƙasashen da fili yake da tsada, kowace mita da aka rage daga lungu ta zama wurin ajiya, kuma wannan kuɗi ne tsagwaronsa. BT, wanda aka kafa a 1946 kuma cibiyarsa take garin Mjölby, gwani ne a wannan gida na biyu. Shi ne ya yi suna da ƙaramin keken jan falet na hannu a ƙarshen shekarun 1940, kuma ya yi aiki da hukumar jiragen ƙasa ta Suwidin wajen daidaita girman falet, aikin da ya share hanya ga falet ɗin Turai mai santimita 80 da 120, wanda hukumomin jiragen ƙasan nahiyar suka amince da shi a 1961. Bugu da ƙari, a 1997 BT ya riga ya sayi kamfanin Raymond na jihar New York, wanda shi ne jagoran motocin matsattsen lungu a Amurka. Saboda haka da ciniki ɗaya Toyota ya samu ƙofar sito-siton Turai da na Amurka. A 2001 ya karɓi sashen sayar da foklif daga hannun Toyota Motor, ƙira da sayarwa suka koma ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma a shekarar ce ya sauya suna zuwa Toyota Industries.

Sayayyar da ta biyo baya duk hanya ɗaya ta bi. A 2013 ya sayi Cascade na Amurka, mai ƙera hannuwa iri-iri da ake ɗaura wa foklif a madadin cokula, kamar masu rungumar dilar auduga ko naɗin takarda. A 2017 ya sayi Bastian Solutions na Amurka da Vanderlande na ƙasar Holan, waɗanda aikinsu shi ne tsara sito gaba ɗaya da bel-bel masu tafiya da kwamfutocin da suke rarraba kaya. Vanderlande ne yake haɗa na'urorin jigilar akwatunan fasinjoji a manyan filayen jiragen sama da dama. Babban abokin hamayyarsa, rukunin KION na Jamus mai Linde da STILL, shi ma ya sayi Dematic a 2016 saboda dalili iri ɗaya. Cinikin intanet ya sauya fasalin sito, kuma manyan masu ƙera foklif sun gane cewa wanda ya tsara siton shi ne zai yanke irin motar da za a saya. A yau harkar ɗaga kaya da tsara sito ce take kawo wa Toyota Industries mafi yawan cinikinsa, ko da yake yana ƙera injunan mota da kwamfiresan na'urar sanyaya mota masu yawa.

Wani ɓangare na wannan kasuwanci da ba a cika gani daga waje ba shi ne abin da yake biyo bayan sayarwa. Motar da aka kula da ita takan yi shekaru goma ko fiye tana aiki, kuma a tsawon wannan lokaci tana cin taya, da sarƙa, da roba mai toshe mai, da matata, da batir, da ladan bakanike. Idan tattalin arziki ya yi sanyi ana iya ɗage sayen sabuwa, amma ba a iya ɗage gyaran wadda take aiki, saboda haka kuɗin gyara da kayan gyara su ne suke riƙe kamfani a shekarun fari. Manyan masu amfani kuma da yawa ba sa saye, haya suke ɗauka ta shekaru, su biya kuɗi kowane wata tare da alkawarin cewa idan mota ta tsaya za a gyara ko a kawo wata. Idan wa'adi ya cika, dillali ya karɓi motar, ya yi mata kwaskwarima, ya sayar da ita a matsayin ta hannu. Wani kaso na irin waɗannan ne yake ƙarewa a tashoshin ruwan Afirka ta Yamma. Wannan ne kuma fagen da ake fafatawa da kamfanonin Sin irin su Heli da Hangcha, waɗanda suke kawo sabuwar mota a farashi mai rahusa, musamman masu batirin litiyom. Tsofaffin kamfanonin ba za su iya karya farashi haka ba, sai su kare kansu da yawan rassa da saurin kai ɗauki.

Tarihin ba shi da tsabta ko'ina, kuma rashin adalci ne a ɓoye haka. A watan Maris na 2023 kamfanin ya amsa cewa an saɓa ƙa'ida wajen gwajin hayaƙin wasu injunan foklif, ya dakatar da sayar da motocin da abin ya shafa a Japan. A watan Janairu na 2024 binciken kwamiti na musamman ya nuna cewa matsalar ta taɓa har gwajin wasu injunan dizal da yake ƙera wa Toyota Motor. Abin ya yi mini ciwo, domin gidan da aka gina a kan tsayar da inji idan zare ya tsinke shi ne ya bari aiki ya wuce da aibi a cikinsa saboda matsin cika wa'adi.

To, ina Zariya take a cikin wannan? Garin nan tun zamanin Turawa mahaɗar kaya ne. Layin dogo ya ratsa shi zuwa Kano a 1911, daga nan aka ja reshe zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, kuma auduga da gyaɗa da taba sun bi ta hannun leburorinsa. Dalar gyaɗar Kano da muke alfahari da hotonta da kai da wuya aka gina ta, buhu bayan buhu. Har yau masara da waken soya da suke fitowa daga Giwa, da Soba, da Saminaka a buhu suke zuwa, a buhu suke fita, babu falet a ko'ina cikin tafiyar. Inda ake ganin foklif tana aiki yadda ya kamata shi ne inda kayan suka taso a kan falet tun daga tushe, kamar wuraren rarraba lemon kwalba da wasu masana'antu, domin akwatunan kwalba girmansu ɗaya ne kuma falet ɗin yana komawa inda ya fito.

Na ga wannan da idona a siton wani dattijo mai harkar hatsi, aminin kawuna, wanda ya sayo foklif ta hannu daga Legas. Ranar da na je na tarar da ita a rumfa an lulluɓe ta da tamfol, kaji suna kiwo a gindinta, 'yan dako kuma suna ta sauke masara kamar kullum. Bayan mun gaisa na ce, "Baba Alhaji, ya aka yi motar take kwance ga aiki ana yi?" Sai ya kama hannuna ya kai ni bakin ƙofar sito, ya nuna mini inda daɓen ya farfashe ya lotsa daidai faɗin tayoyin gaba. Ya ce, "Ɗana, daɓen nan don ƙafar mutum aka yi shi. Kuma kayan da suke zuwa a zube suke, kafin yaran nan su jera su a kan katako ta ɗauka, da sun riga sun shigar da su ɗaki." Daga baya kuma robar silinda ta fara zubar da mai, aka aika Kano ba a samu daidai ita ba, aka koma jiran Legas. Motar lafiyarta ƙalau a ranar da aka sayo ta. Abubuwan da suke kewaye da ita ne ba a tanada ba.

Saboda haka mai sito a Dakace ko Cikaji da yake tunanin saye, lissafinsa daga ƙasa ya kamata ya fara. Shin daɓensa zai ɗauki tan 6 a kan tayoyi ƙanana, kuma ƙofarsa tana da tsayin da ginshiƙi zai wuce? Wa zai kawo masa kaya a kan falet, kuma idan falet ya bi tirela zuwa Sakkwato wa zai dawo da shi? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce Turawa suka warware da daidaita girma da musayar falet, kuma ɗan kasuwa ɗaya ba ya iya warware ta shi kaɗai, sai ƙungiya. Sai batun makamashi. Mai batir ba ta hayaƙi, saboda haka ita ce ta dace da ɗakin abinci da iri, amma batirin dalma irin na da yana buƙatar kusan sa'o'i 8 na caji, yana son a riƙa ƙara masa tataccen ruwa, kuma cajin da wuta take yankewa a tsakiya yana rage masa kwana. Mai dizal ba ta jiran wuta, amma ga tsadar mai, ga hayaƙin da bai kamata a shaƙa a rufaffen ɗaki ba. Kayan gyara kuma da kuɗin waje ake shigowa da su, kuma kowa ya ga yadda farashinsu ya tashi tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023.

Batun 'yan dako ba abin da za a tsallake ba ne. Waɗannan magidanta ne, da yawansu 'yan ci-rani, waɗanda kuɗin buhu yake ciyar da gidajensu, kuma arhar ƙarfinsu ita ce babban dalilin da ya sa inji bai kore su ba har yanzu. Amma wannan arha a jikinsu ake biyan ta. Wanda ya shekara ashirin yana ɗaukar buhun masara mai kilo 100 a wuya, ka dube shi yana tashi daga tabarma da asuba za ka san abin da sana'ar ta ci. Ban yarda da masu cewa a bar abin haka don kada a rasa aiki ba, ban kuma yarda da masu son a share su rana ɗaya ba. Sito mai falet ma yana buƙatar masu jerawa, da masu ɗaurewa, da masu ƙirga, da direba, da kafintan da zai ƙera falet ya gyara wanda ya karye, kuma waɗanda suka fi cancanta a fara koya wa waɗannan ayyuka su ne mutanen da suka riga suka san yadda buhu yake zama a kan buhu.

Abin da yake matsowa kusa da mu shi ne kwantena. An buɗe tashar kaya ta tudu a Kaduna a watan Janairu na 2018, ta Dala a Kano ta biyo baya a 2023, kuma mai fitar da citta, ko riɗi, ko zoɓo zuwa waje zai ƙara cin karo da masu saye da suke gindaya yadda za a shirya kaya. Zariya tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi don tarbar wannan: ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa da ke hanyar Basawa, ga sashen injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello, ga Kwalejin Nuhu Bamalli, waɗanda za su iya horar da direbobi da bakanikan matsin mai da na batir. Ga matsakaicin sito kuwa, matakin farko da ya fi dacewa ba ya buƙatar inji ko kaɗan. Keken jan falet na hannu, irin wanda BT ya yi suna da shi, yana ɗaukar kimanin tan 2, ba ya shan mai, ba ya neman wuta, kuma mutum ɗaya yana iya jan buhu ashirin da shi daga bakin ƙofa zuwa ƙuryar ɗaki idan an gyara daɓen ya yi sumul. Mai siton da ya yi shekara guda da shi zai san falet nawa yake buƙata, nawa suke karyewa, da faɗin lungun da ya kamata ya bari tsakanin layukan kayansa.